Kwalbar Senyo da Zanen Dada

Ku matso kusa, 'yan uwana, yau bakina a cike yake. Ina rubuta muku wannan ne ƙafata ta dama na miƙe bisa kujera, an naɗe ta kamar ƙunshin ablo, wainar masararmu ta nan, amma na rantse ko zafinta ba na ji, don abin da ke raina ya fi ƙarfin ciwo.

Wanda yau ya fara leƙo mu, sunana Delali. Ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata a nan Kpalime ta ƙasar Togo, ranar Asabar kuma in kwashi ɗalibaina mu hau dutsen Kloto a kan keke. Haushi ne ya sa na fara. Tun ina 'yar mitsitsiya nake ganin Turawa suna zuwa da kekunansu masu ƙatuwar taya, su hau dutsenmu su gangaro suna ihu, mu masu dutsen muna bakin hanya muna ɗaga musu hannu muna tallar ayaba. 'Yan matan ƙauyukan sama suna barin karatu saboda nisa, in ka yi magana a ce, "Haka Allah ya yi dutsen." To shi keken, Shaiɗan ne ya ƙera shi?

Sai kuma Senyo. Hmm, Senyo. Mai harhaɗa magani ne a Lome, dogo, baƙi wuluk, ga wushirya, ga murya kamar yana lallashin jariri. Aibinsa ɗaya ne: "to". Ka ce masa rana ce, to. Ka ce masa dare ne, to. Mahaifiyarsa, Madam Akofa, ta aiko cewa suna son zuwa ƙwanƙwasa ƙofa, amma surukarta ba za ta riƙa yawon daji da gajeren wando ba, sai a jingine keke. Na tambaye shi me ya ce mata. Ya sunkuyar da kai.

"Na ce to."

Ni kuwa na ce babu kwalbar barasar neman auren da za ta shiga gidanmu sai ya hau dutsen nan da ni ko sau ɗaya, ya ga abin da ake cewa in bari. Don kun san yadda abin yake. Da zarar kwalba ta shiga hannun kakana, Togbi, aka tara dangi aka tambaye ni, "Mu sha?", wace 'ya ce za ta ce a'a ta tsinka uwarta a bainar jama'a? In kuwa na ce e, na haɗiye sharaɗin da ke biye da ita. Sharaɗina na hawa dutsen ma Senyo ya ce to.

Ranar Juma'a da yamma na shimfiɗa tabarma a baranda na zazzage kayan jakata. Dada, mahaifiyata, tana feren rogon fufu. Tasi Mawusi, yayar marigayi babana, tana kishingiɗe a kujerar roba cikin atamfa mai zanen kaji, ɗaurin kanta ya kusa taɓo rufi, tana fifita da murfin bokiti.

Ni fa jakar hawa dutse ba na wasa da ita. Kullum ina gaya wa yarana, in kika bar kwalta, jakar bayanki ce uwarki, ita ce ubanki. Ruwa ne farko, gora biyu, ɗaya na jefa mata ɗan gishiri da sukari. A aljihun ƙasa, wanda ke manne da baya, nan kayan ƙarfe suke zama don kada nauyi ya riƙa jan mutum a gangara: sabon tiyub, ƙaramin famfo, faci da sholisho, ƙarafan ɓamɓare taya, alanki, da 'yar mahaɗin cen da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, amma ranar da cen ya tsinke ita ce sarauniya. A babban ciki rigar ruwa, don hadarin Kloto ba ya sallama, sai jar jakata ta magani mai bandeji da auduga da filasta da aidin. Can sama kuma abin da hannu zai kai cikin sauri, ayaba, soyayyar gyaɗa, usur, da waya a cikin leda.

"Wannan kuma na mene ne?" Tasi ta zunguri famfo da babban yatsan ƙafa.

"Na hura taya ne, Tasi."

"Oh ni Mawusi! 'Ya'yan mutane suna haɗa akwatin aure, tamu tana haɗa shagon faci. In an tambaye ni ina 'yar ƙanena, sai in ce tana gareji."

"Garejin ya mayar da yara makaranta, Tasi. Akwati ya mayar da wa?"

"Ji bakinta! Wannan bokon ne ya fi ƙarfin kanki. Namiji kamar Senyo, mai mota, mai ladabi, ki ce sai ya hau dutse kamar akuya?"

"Ki bar ta, Tasi," in ji Dada, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Dela, gobe ta ƙauyen Togbi za ku bi?"

"Kullum ta nan muke bi mu sha ruwa."

Suka kalli juna. Da idona na gani fa, 'yan uwa. Amma wayata ta yi ƙara daidai lokacin, ɗoki ya rufe min kai.

Senyo ne: "Na sayo hular kwano. Na yi kama da kunkuru."

Na rubuta: "Kunkuru ma yana isa. Ka sa tiyub da famfo a jaka?"

"To."

"Ba to na tambaye ka ba."

"Na sa, ranki ya daɗe."

Na kwanta ina murmushi ni kaɗai kamar sabuwar kamu.

Da asuba ina fitowa daga wanka na tarar da Dada riƙe da jakata, a zuge tsaf.

"Na ƙara miki koliko a sama, soyayyar doyar nan, da ɗan yaji."

"Dada, ba a taɓa min jaka."

"Uwarki ce ta taɓa, ba ɓarawo ba."

Dokata ta farko ita ce a sake buɗe jaka kafin a fita. Ni na kafa ta, ni nake korar yara gida in sun karya ta. Na jinjina jakar na ji nauyinta bai sauya ba, ga hon ɗin Senyo a ƙofa, sai na rataya abata na fita.

Ku zo ku ga mutumin! Riga ruwan ɗorawa mai ƙyalli, takardar kanti na reto a wuya bai cire ba, safar hannu sabuwa fil, turare kamar za shi coci. Keken haya ne, amma mai kyau. Jakar bayansa kuwa ta kumbura, yana tafiya da ita a hankali kamar ya goyo ƙwai.

"Yaya Senyo, gida za ka ƙaura?"

"Kin ce a shirya," ya ce, yana kallon wani wuri.

Na ba yarana hutu ranar, mu biyu ne kawai. Muka bar gari, muka bar kwalta, muka shiga jar ƙasa. Wayyo, Kloto da safe bayan ruwan dare! Hazo na kwance a kan gonakin koko, ganye na ɗiga, malam-buɗe-littafi na tashi gaban taya kamar ana watsa fure. Cinyoyina suka fara zafin nan mai daɗi, iska na shiga ƙirji har ƙasa. Na yi ihu, dutsen ya amsa min.

Na waiga. Senyo ya sauka yana turawa, harshe a waje. Wata tsohuwa ɗauke da itace ta wuce shi, ta tsaya ta ƙare masa kallo.

"Ɗana, kai ke ɗauke da keken ko shi ke ɗauke da kai?"

"Muna shawara tukuna, Mama," ya ce yana haki.

Dariya ta kusa kayar da ni. Ruwan da ya zo da shi 'yar ƙaramar gora ce, tun a hawa na farko ya shanye, ya koma kan nawa. Mai harhaɗa magani fa! Amma in gaya muku gaskiya, bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Ya hau, ya faɗi, ya tashi, ya tura, ya sake hawa. Da muka kai wani falalen dutse inda ake hango Kpalime a shimfiɗe, rufin kwano na walƙiya, ya cire hula ya tsaya yana kallo.

"Dela," ya ce a hankali, "wannan ne ake cewa ki bari?"

Zuciyata ta narke kamar man kaɗe a rana. Na ce a raina, Delali, riƙe kanki, kada ki ba da mata.

Ba mu yi nisa daga nan ba sai fiiiii, tayarsa ta baya ta kwanta. Ƙaya ce. Har murna na yi, don ina son in koya masa.

"Kawo tiyub ɗinka."

"Ba za a yi da naki ba?"

"Kowa da nasa. Kawo."

"Dela, ai naki ya fi kusa..."

Na fizge jakar daga kafaɗarsa na zuge. Babu tiyub. Babu famfo. Tawul ne naɗe, cikin tawul farin ƙyalle, cikin farin ƙyalle koriyar kwalbar barasa mai kusurwa huɗu, hatiminta ko gezau, irin wadda ba a kai ta gidan mutane sai da magana. A ƙarƙashinta takalmi sau-ciki da riga a goge.

Ban san lokacin da muryata ta koma ƙasa ba.

"Senyo, wannan fa?"

"Tasi ce ta kira ni," ya ce, zufa na bin wuyansa. "Ta ce tunda ta ƙauyen Togbi za mu bi, ai gara a yi abin gaba ɗaya. Su sun tafi a mota ta titi, ita da Dada da kawuna, Mama kuma tana hanya daga Lome. Na sa tiyub ɗin, na rantse na sa. Kwalbar ce ta ƙi shiga, sai na cire shi."

"Ka ce mata me?"

Ya hau gyara ɗaurin hularsa.

"Na ce ka ce mata me!"

"Na ce... to."

Kai, 'yan uwa! Wato ni za a kora kamar kaza har cikin akurki, da ƙafata, a kan kekena! Wannan fa ita ce cutar da ke cinmu. Kowa ya san abu ba daidai ba ne, kowa ya ce to, a zauna lafiya. Da to aka bar yara ba karatu, da to ake so a rufe ni a ɗaki. Na zaro nawa tiyub ɗin, na ɓamɓare tayarsa, na zare ƙayar, na hura. Na jefa masa keken.

"Ka ɗauki kwalbarka ka je ka auri Tasi."

Na taka feda na bar shi nan. Dokata ta biyu: ba a gangara da fushi. Ita ma na karya ta. Hanyar ta karkata cikin wata gonar koko, wata saiwa jiƙaƙƙiya ta gitta, na damƙe burkin gaba da ƙarfi. Sai ganina na yi a sama, ƙasa na zuwa. Wani kaifin dutse ya tsarge min ƙauri, jini ya ɓalle.

Kafin in gama gane inda nake Senyo ya iso a guje, da ƙafa, ya yar da keken can baya.

"Kada ki motsa. Ina kayan maganin?"

"Babban ciki. Jar jaka."

Ya zuge. Ya tsaya. Ya zaro abu a hankali ya ɗaga min. Ba rigar ruwa, ba jar jaka. Zanen kente ne, shuɗi da ruwan zinare, wanda Dada ta ɗaura ranar aurenta, ga ɗankwali, ga tsakiyar wuya a ƙulle a leda. Ashe ta auna nauyin da ta cire ta mayar da daidai shi, don in isa gaban dangi a kintse.

Muka kalli juna. Ga mai magani ba magani, ga malamar jaka an yi mata fashi a jaka. Ina kuka ina dariya.

Nan na ga wani Senyo da ban sani ba. Ya ɗaga ƙafar bisa cinyarsa, ya danne ciwon da tafin hannu, ya wanke da sauran ruwan gorar har ya ƙare, jar ƙasa ba ta gama fita ba. Ya duba hagu, ya duba dama. Sai ya koma da gudu ya ɗauko jakarsa, ya warware farin ƙyallen.

"Senyo, in ka ɓalle hatimin nan ta tashi daga aiki. Buɗaɗɗiyar kwalba ba ta ƙwanƙwasa ƙofa."

"Na sani."

"Mamarka za ta cinye ka ɗanye."

"Na sani. Ciji ɗankwalin nan."

Ƙas! Ya murɗe. Na san littafi bai ce a wanke ciwo da barasa ba, shi ma ya sani, amma littafi yana Kpalime. Ihun da na yi, ina jin har Lome an ji. Ya yage farin ƙyallen ya danna a kan ciwon, jini ya ɓullo ta ciki. Ya kalli kenten, ya kalle ni.

"Yaga," na ce. "Ita ta sa shi a gurbin bandeji."

Haka muka shiga ƙauyen Togbi, rana ta take, ni a kan sirdi ƙafa ɗaya na reto, shi yana tura ni, rigar ruwan ɗorawa ta koma ruwan laka. Ƙarƙashin mangwaro an jera kujeru, dangi sun cika, mata sun sha ado. Guɗar da aka fara ta mutu a maƙogwaro.

"Kenten!" Tasi ta ɗora hannu a ka. "Kenten aure a ƙafa!"

Dada ko kallon zanen ba ta yi ba. Ta rugo ta durƙusa ta riƙe ƙafar da hannu biyu.

"Jar jakar," ta ce, ni kaɗai na ji. "Ni na cire."

Duk maganganun da na tanadar mata a hanya sai suka gudu. Na dafa kafaɗarta kawai.

Togbi na zaune a kujerarsa, ɗan tsoho ƙanƙani, mayafi a kafaɗa ɗaya, idanu kamar na shaho. Bai tambayi komai ba, don ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa. Aka kawo ƙwarya, muka sha. Sannan kawun Senyo ya gyara murya ya fara zuba: wai suna wucewa ne suka hango wata fure a gidan nan, ƙamshinta ya hana su barci. Ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiga ba. Senyo ya ɗora masa kwalbar. Rabi.

Kawu ya juya ta, ya sake juyawa.

"Ba komai, ba komai," ya ce yana yaƙe. "A tura ɗan acaɓa kasuwa ya sayo wata, yanzu-yanzu."

"A'a."

Na waiga in ga wa ya yi magana. Senyo ne. Ya miƙe tsaye.

"A'a, Kawu. Ba za a sayo ba. An tambayi Tasi, an tambayi Dada, an tambayi Mama, ita ba a tambaye ta ba. Kuma keken nan ba za a jingine shi ba. Na ga inda yake kai ta."

'Yan uwa, an yi min waƙoƙi a duniya, an turo min kalamai a waya, amma ban taɓa jin abin da ya kai wannan a'ar daɗi ba.

Togbi ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta a rana.

"A ina aka zubar da rabin?"

"A gonar kokon da ke gangare, Togbi, kusa da babban rimi," in ji Senyo.

"Gonar ubana ce." Ya girgiza kai. "To ai kakanni sun riga kowa sha, har da haɗin jinin jikarsu. Su ma ba a tambaye su ba." Aka kwashe da dariya, har Tasi ta kasa riƙewa. Ya juyo gare ni. "Delali, ragowar fa? Mu sha?"

Ga tambayar da nake gudu ta zo, ido ya yi min caa. Na dubi Dada, ta share hawaye ta gyaɗa min kai, irin na faɗi abin da ke ranki. Na ɗingisa na karɓi kwalbar da hannu biyu, na zuge jakata, na sa ta a gurbin jar jakar magani.

"Togbi, wannan ta zama magani, tawa ce. Ta ƙwanƙwasa ƙofa kuwa ya kawo ta ranar da ya hau dutsen nan bai sauka ya tura ba. A bayansa zai goyo ta, kuma tare da tiyub da famfo. Ranar ka tambaye ni."

"Wannan yaron?" Togbi ya ƙare wa Senyo kallo. "Ashe zan mutu ban sha ba."

Senyo ya buɗe baki, na ga leɓensa sun tattaru za su ce to. Ya haɗiye.

"Asabar mai zuwa zan fara," ya ce.

Daidai nan hon ya tsaga ƙauyen. Farar mota ta tsaya a bakin fili, yara suka dare. Madam Akofa ta sako ƙafa, farin leshi har ƙasa, gwal a wuya, gwal a hannu, baƙin tabarau. Ta zare tabaran a hankali. Ta kalli gajeren wandona. Ta kalli yagaggen kente a ƙaurina. Ta kalli ɗanta cikin laka tun daga hula har takalmi.

"Senyo," ta ce, muryarta sanyi ƙalau, "ina kwalbar?"

Jakar ta yi min nauyi a baya kamar na goyo Kloto. Senyo ya taka ya ɗaga kekena daga inda ya kwanta, ya karɓi ƙwarya daga hannun Dada, ya nufi uwarsa.

"Mama," ya ce, "zauna ki sha ruwa tukuna."

Ya miƙa mata ƙwaryar da hannun dama. Na hagun kuwa yana kan kekena, bai saki ba.